Ba kowane ciwon ciki ne gurha ba: aman jini, maƙalewar loma da wuƙar likita a Jazira

Ranar da Kawu ya yi aman jini, daga ban ruwa ya dawo, ƙafafunsa duk laka har gwiwa. Ya zauna bakin angarib, gadon igiyar nan, ya ce a ɗora masa shayi, ruwan bai ko tafasa ba sai muka ga ya dafe ƙirji ya sunkuya. Abin da ya zubo cikin tasar nan jini ne guda-guda, wani ja wani baƙi. Inna ta ruga ta ɗebo madara mai sanyi, don duk gidan mun gama yankewa cewa gurha ce ta fashe. Gurha dai ita ce gyambon ciki, abin da 'yan'uwanmu na Kano da Damagaram ke ce wa olsa. Kawu ya yi shekaru yana kurɓar farin maganin nan na kwalba duk sa'ad da cikinsa ya yi masa nauyi, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa gefen cikinsa na hagu ya fi na dama tudu.

Sai da aka zura masa munzar, siririn bututun nan mai fitila da kyamara da ake turawa ta baki, sannan likita ya fito ya ce tumbinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Jinin daga ƙasan bututun abinci yake fitowa, daga wasu jijiyoyi da suka kumbura suka yi jibga-jibga. Dawali ke nan, in ji shi. Tudun da ke hagu kuwa saifa ce ta girma har ta sauko kusa da cibiya.

Tun daga ranar nake jin zafin yadda muke lafta suna ɗaya a kan duk wani ciwo da ke tsakanin maƙogwaro da cibiya. Manyan cututtuka daban-daban ne ke fakewa a bayan sunan nan a garuruwanmu na Jazira da Sinnar a nan Sudan, kuma kowacce da irin matsayin da aikin tiyata yake da shi a wurinta. Wanda bai san wadda ke cin sa ba, sai ya tsorata da amaliyya, wato tiyata, a ranar da ita ce mafitarsa, ya zo yana roƙon ta a ranar da lokacinta ya wuce.

Ita gurha ta gaskiya, labarinta a yau ya yi sauƙi. A da yanke tumbi saboda gyambo aikin yau da kullum ne a ɗakunan tiyata. Theodor Billroth ne ya fara yin nasarar yanke sashen tumbi ya haɗe sauran a birnin Biyenna cikin 1881, a kan wata mata mai ciwon daji, daga baya aka riƙa yi wa masu gyambo irin aikin. A 1943 Lester Dragstedt ya farfaɗo da dabarar tsinke jijiyar da ke umartar tumbi ya zubo da ruwa mai tsami. Dubban mutane sun rasa rabin tumbinsu ta haka, har sai da wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawan gyambon. Ita ce Helikobakta, wadda a ɗakunan gwajinmu kowa ke kira jarsuma. An ba su lambar Nobel a 2005. Yanzu mako biyu na maganin kashe ƙwayar, haɗe da mai rage tsami irin omefirazol, yana warkar da abin da a da sai an buɗe ciki.

Wuƙa ta rage wa gurha ne a wuri uku kacal: in ta huda tumbi, in tana zubar da jinin da munzar ya kasa tsayarwa, ko in tabonta ya tsuke mafitar tumbi har mutum yana aman abincin jiya. Hudar ce ta fi ba ni tsoro, domin tana faɗa wa majiya ƙarfi. Manomi ya wuni a duƙe, bayansa na ciwo, ya sayi diklofenak ko ibufurofen ya afa babu komai a cikinsa, yau da gobe har bangon ya ɓule. Ciwon na zuwa farat ɗaya kamar an soka masa wuƙa, ciki ya sandare kamar allo. Aikin kansa ɗan ƙarami ne, a ɗinke hudar, a janyo kitsen da ke lulluɓe da hanji a dafe wurin, a wanke cikin. Abin da ke kisa shi ne kwanan da ake yi a gida ana jiƙe-jiƙe, ƙazantar tumbi na malala cikin ciki.

Dawali kuwa ciwon ƙasarmu ne, daga ruwan da muke ci da shi ya fito. Kakanninmu sun zauna a Mai Wurno da kewayenta bayan yaƙin Burmi na 1903, da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa na cikin waɗanda suka zuba guminsu a ciki, wasu a hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, da yawa a kambo, zangon 'yan ƙwadago. Ruwan tur'a, babbar magudanar ban ruwa, da na ƙananan magudanai irin Abu Ishirin ba ya gudu da ƙarfi, ga ciyawa, shi ya sa dodon koɗin da ke goyon tsutsar bilharziya ya sami gida. Kowane Bahaushe ya san tsargiya, fitsarin jinin yara. Amma bilharziya iri biyu ce a nan, ɗayar kuma ba ta da hayaniya. Tsutsar na shiga ta fata yayin da mutum ke cikin ruwa, ta girma ta zauna a jijiyoyin hanji tana zuba ƙwai. Wani ƙwan ya fita da bayan gida, wani jini ya kwashe shi ya kai hanta, ya maƙale a ƙananan rassan babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji da saifa. Jiki ya yi ta gina tabo a kewayen kowane ƙwai, shekara goma, shekara ashirin, har rassan su ƙanƙance. Wani likita mai suna Symmers ya bayyana wannan tabon a Masar tun 1904.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa zai gane sauran. In laka da ciyawa suka toshe tur'a, ruwa na taruwa a baya, ya cika duk wani kwari, sannan ya fasa ta inda gaɓa ta fi rauni. Haka jinin nan yake yi. Ya koma baya ya cika saifa ta kumbura, ya nemi ɓarauniyar hanya zuwa zuciya ta wasu siraran jijiyoyi da ke ƙasan bututun abinci da saman tumbi. Ba a halicce su don ɗaukar wannan kaya ba, sai su buɗe, bangonsu ya yi shara-shara, rana ɗaya ɗaya daga ciki ta fashe.

Akwai wani abu a nan da na so a ce kowane gida ya sani. A ciwon hantar da ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C ko giya ke kawowa, naman hantar ne da kansa ya lalace. A na bilharziya hanyoyin jini ne suka toshe, ita hantar galibi tana ci gaba da aikinta. Ma'ana, mai dawalin bilharziya in aka tsare shi daga aman jini yana iya yin shekaru masu yawa yana noma yana aurar da 'ya'ya. Shi ya sa yake jure babban aiki fiye da mai ruɓaɓɓiyar hanta, shi ya sa kuma likitocin Sudan da Masar da Barazil ba su yar da tiyatar dawali ba. Lissafin na canzawa ne in bilharziya ta haɗu da cutar hanta a jiki ɗaya, kuma hakan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Duk da haka ba da wuƙa ake farawa ba. Mai aman jini ƙarin jini yake buƙata da farko, da allurar rage matsin jijiyoyin, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mu shida muka miƙa hannu domin Kawu a daren, aka mayar da biyu saboda gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar hanta ba su sani ba. Bayan haka sai ɗauri: ta cikin munzar ake zuƙo jijiyar da ta kumbura a shaƙe ta da ɗan zoben roba, bayan 'yan kwanaki ta bushe ta faɗi. A da allura ake yi mata ta ƙafe, yanzu ɗaurin ya fi karɓuwa domin ya fi ƙarancin illa. Ba a gamawa a zama ɗaya, sai a dawo bayan 'yan makonni, a sake dawowa, har a ga sun ɓace, ga kuma ƙwayar Inderal kullum don rage matsi. Asibitin Ibn Sina da ke Khartoum ya yi suna a wannan fanni, kafin yaƙin 2023 mutane daga jihohi da yawa can suke dosa.

A kan takarda tsarin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, mutumin kambo da ke nesa da kwalta, wanda damina ke yanke masa hanya, wanda kowace tafiya sai ya sayar da akuya, zama nawa zai iya zuwa? Kawu ya je uku, ya ji sauƙi, aikin gona ya taso, ya bari. Wata bakwai bayan nan ya sake amai. A nan ne likita ya kawo maganar aiki, kuma dalilansa na nan a fili: jinin ya dawo, wasu jijiyoyin suna can saman tumbi inda zoben roba ba ya riƙewa da kyau, saifar na cinye ƙwayoyin da ke daskarar da jini, sannan gidansa ya yi nisa da inda za a cece shi in ta sake faruwa cikin dare.

Likitocin fiɗa sun kasu gida biyu a kan yadda za a yi. Wasu suka ce a haƙa wa jinin sabuwar hanya, a haɗa jijiyar da ta cika da wata da ke wucewa kai tsaye zuwa zuciya. Matsi na sauka ƙwarai, aman jini ya tsaya. Sai dai jinin da ya kauce wa hanta bai tacu ba, dattinsa na iya hawa ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa ruɗewa, yana barci da rana yana farkawa da dare, wani har ya kasa ƙirga kuɗinsa. Dean Warren a Amurka ya rage wannan illa da salon haɗin da ya fito da shi a 1967, amma aiki ne mai wuya da ke son gwani a ɗinkin jijiya. Ɗaya gidan suka ce a bar hanta da jininta, a je inda ake zubar a yanke hanyar. Wannan shi ne aikin Hassab, likitan Iskandariyya da ya wallafa shi a 1967 bayan ya yi ta fama da manoman Masar masu irin ciwonmu: a cire saifa, a bi jijiyoyin da ke kewaye da saman tumbi da ƙasan bututun abinci ɗaya bayan ɗaya a ɗaure a yanke. Sugiura na Japan ya ƙara a 1973 da yanke bututun abincin kansa a sake ɗinke shi. A ganina hanyar Hassab ta fi dacewa da mu, domin ƙwararren likitan fiɗa na iya yin ta ba tare da wasu na'urori na musamman ba, kuma mutum na tashi da hankalinsa garau.

Da aka faɗa wa Kawu, sai ya kira ni gefe. "Ɗana, in sun cire saifar nan, me zai zauna a gurbinta?" Na ce, "Kawu, babu komai, hanta da ɓargo za su ɗauki mafi yawan aikinta." Ya yi shiru, can ya ce, "To Baffanku ya ce wanda aka buɗe cikinsa ba ya ƙara riƙe fartanya, wasu ma ba sa fitowa." Ban ga laifin Baffa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma su wa ya gani? Waɗanda aka shiga da su ɗakin tiyata tsakar dare bayan amai na uku ko na huɗu, jini ya ƙare, babu mai bayarwa. Irin waɗannan ne suka ɓata wa amaliyya suna a garuruwanmu, sunan da ya ɓaci ya sa na baya suka ƙi zuwa da wuri, su ma aka kai su a irin wannan hali. Aikin da aka sa wa rana, aka gina jikin mutum, aka tanadi jini, daban yake da aikin ceto, ko da hannu ɗaya ne ya yi su.

Ba zan ɓoye kuɗin da ake biya ba. Aikin Hassab bai buɗe toshewar da ke cikin hanta ba, don haka sababbin jijiyoyi na iya tsirowa, dole a ci gaba da leƙawa da munzar. Jini na iya daskarewa a babbar jijiyar hanta bayan aikin. Wanda ba shi da saifa kuma ya rasa mai gadi, wasu ƙwayoyin cutar huhu da na sanƙarau na iya kayar da shi cikin sa'o'i, maleriya ma ta fi yi masa mugun kamu. Saboda haka ake so a yi masa allurar rigakafi kamar mako biyu kafin aiki, kuma duk zazzaɓin da ya taso masa, ranar za a kai shi asibiti.

Labarin Gwaggo ya bi wata hanya, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta ƙuna. Ba ta taɓa aman jini ba. Nama ta fara bari, ta ce haƙora. Sai muka ga tana jiƙa kisra cikin miya har ta narke kafin ta kai baki, tana bin kowace loma da ruwa. Daga nan sai kunu kawai, daga kunu sai shayi. Zanenta ya riƙa zagaye ta sau biyu. Muka ce gurha ce da tsufa, muka yi ta saya mata omefirazol. Bututun abinci, wanda tsawonsa bai wuce kamar santimita 25 ba, yana da talewa, don haka loma ba ta fara tsayawa sai ƙari ya ci babban kaso na zagayensa. Ba shi kuma da fatar waje mai ƙarfi irin ta hanji da za ta tare ciwon, ga shi yana maƙwabtaka da hanyar iska da manyan jijiyoyin ƙirji. Ranar da mutum ya ce abinci na maƙale masa, an riga an ci rabin lokaci, kowane mako bayan nan asara ce.

Ciwon dajin bututun abinci yana da yawa a gabashin Afirka, kuma asibitocin Sudan na ganin mata da yawa a cikin masu shi. Taba na cikin sanannun dalilansa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi, a 2016, mu kuwa shayi da jabana, wato gahawa, daga wuta sai baki.

Aikin wannan ciwon dajin na cikin mafi girma da ake yi wa ɗan Adam. Franz Torek ne ya fara cire bututun daga cikin ƙirji mara lafiya ya rayu, a New York cikin 1913. Salon da ya fi yaɗuwa shi ne na Ivor Lewis na 1946: a buɗe ciki, a gyara tumbi ya zama dogon bututu, a buɗe ƙirji ta dama, a cire sashen da ya kamu da kaluluwar da ke kewaye, a janyo tumbin sama a haɗa. Abin fargaba biyu ne, ɗinkin ya yi yoyo cikin ƙirji, ko huhu ya kamu. Don haka ba kowane asibiti ya kamata ya taɓa shi ba, sai inda ake yin sa a kai a kai kuma akwai ɗakin kulawa ta musamman. Sau da yawa akan fara da maganin kimawi, mai kashe ƙwayoyin daji, da gashin haske don ƙarin ya motse, irin hidimar da Asibitin Zarra na Khartoum da cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Madani suka daɗe suna yi. Maganar da ake yi cewa wuƙa ce ke watsa ciwon daji, ko iska ta shige shi in an buɗe, ba gaskiya ba ce. Waɗanda aka buɗe aka rufe, ciwon ya riga ya watsu kafin su iso.

Gwaggo ba ta kai ga aiki ba, hoto ya nuna ya taɓa hanta. Aka sa mata wata 'yar ragar ƙarfe ta cikin munzar, ta tale wurin da ya tsuke. Washegari ta sha kunu kofi guda ba ta dawo da shi ba, bayan kwana uku ta ci asida mai laushi, ta ce da ƙanwata, "'Yar nan, ƙaro mini miya." Watanni kaɗan ta ƙara, amma ta yi su tana ci tare da mu a kwano ɗaya, kuma ban yarda a raina wannan ba.

Ba duk maƙalewar loma ce daji ba. Akwai wadda ƙofar ƙasan bututun ce ke ƙin saki, ta fi kama masu ƙananan shekaru, ruwa da tuwo duk su tsaya, kuma tsaga naman ƙofar da Heller ya fara a 1913 yana sauƙaƙa ta sosai, yanzu ma ta 'yan ƙananan huda ake yi. Mai ƙwarnafin da ya gagari magani akan naɗe masa saman tumbi a kewayen bututun. Ciwon dajin tumbi shi ne ya fi iya shigar burtu da rigar gurha, domin omefirazol na kwantar da zafinsa yana ci gaba da girma. Wanda ya manyanta sannan ciwon ciki ya fara masa sabo, ko yana rama, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana ƙoshi da loma uku, munzar ya kamata ya nema kafin kantin magani.

Duk wannan ya dogara ne da asibiti mai wuta, da bankin jini, da hanya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe manyan asibitocin Khartoum da yawa, likitoci da marasa lafiya suka kwarara Madani, sai ita ma ta faɗa cikinsa a Disambar shekarar, har zuwa Janairun 2025. Masu ɗaurin dawali da masu kimawi suka watsu, wasu Gadarif, wasu Kassala da Fort Sudan, masu hali Masar. Rabon maganin firazikwantel a makarantu, wanda shi ke kashe tsutsar tun kafin ta yi wa yaro tabo a hanta, ya samu cikas a wurare da dama, yara kuwa ba su daina wanka a tur'a ba.

An yi wa Kawu aikinsa kafin yaƙin, kwana tara ya yi aka sallame shi, da kaka ta zo yana cikin masu yankan dawa. Bai sake aman jini ba. Mun yi gudun hijira da shi zuwa Gadarif mun dawo, ya koma ban ruwa, takalman robar da na saya masa yakan sa su in ina wurin. Katin asibitinsa na nan cikin leda a aljihun jallabiyarsa, ranar komawa munzar da aka rubuta masa ta ƙarshe tana cikin Disambar 2023, kuma har yanzu muna ta cigiyar inda za a leƙa masa.